Kana kukan kewar gida, amma ka ƙi ɗaukar wayar uwarka

Juma'ar da ta wuce, da aka sallame a masallacinmu da ke Cheetham Hill, na ce wa wani yaro ɗan wajenmu ya shigo in rage masa hanya. Disamba ce, kuma duk wanda ya san Manchester ya san kafin ƙarfe huɗu rana ta faɗi, ga yayyafin nan da ba ya ɗaukewa. Muna cikin cunkoso wayarsa ta yi ƙara. Ya duba, ya kife ta a cinya. Ta sake, ya sake kifewa. A karo na uku idona ya kai kan sunan da ke jiki: Umma.

Na ce, "Kai, ɗauki mana, mahaifiya ce fa." Ya ce, "Kawu, bari dai sai na samu natsuwa." Na ce yaushe rabonka da jin muryarta? Bai amsa ba sai da muka wuce danja biyu, sannan ya ce tun Agusta.

Wata huɗu! Abin da ya ƙara tayar mini da hankali shi ne, da na gangara gefen titi na kashe mota, yaron nan kuka ya fashe da shi. Wai kewar gida ta hana shi barci. Wai idan ya rufe ido tsakar gidansu yake gani, da turmi, da igiyar shanya, har ƙamshin daddawa yana ji a mafarki. To, Malam, ga gidan nan yana kiranka a aljihu, ka kife shi a cinya. Wace irin kewa ce wannan?

Ƙannena da kuke nan Ingila, da na Jidda, da na Dubai, da na Malesiya, ku fahimce ni. Kewar gida ba abin kunya ba ce. Sayyidina Bilal da kansa, lokacin da zazzaɓin Madina ya kwantar da shi bayan hijira, baitoci ya riƙa rerawa yana ambaton kwaruruka da duwatsun Makka. Manzon Allah (SAW) da zai bar Makka ya bayyana irin son da yake mata, kuma ya faɗa mana tafiya wani yanki ce na azaba. Ni ma da na zo sai da na yi kukan, a banɗaki, na buɗe famfo don kada abokin zamana ya ji. Wannan duk ba shi ne faɗana da ku ba. Faɗana shi ne shirun nan da kuke yi wa iyaye.

Na san hujjar, na ji ta har na haddace. An sayar da fili an turo ka digiri na biyu. Ka iso, sai ga naira ta faɗi warwas: kafin Yunin 2023 fam ɗaya bai kai naira 600 ba a farashin gwamnati, a 2024 ya haura 2,000. Kuɗin makarantar da aka lissafa a gida ya ninka har sau uku. Bizar ɗalibi ba ta yarda ka wuce aikin awa 20 a mako ba idan ana cikin zangon karatu, su ɗin ma a gidan kula da tsofaffi kake yin su cikin dare, ko a sito kana jidar kwalaye. Daga Janairun 2024 kuma aka hana yawancin ɗalibai zuwa da iyali, wanda ya yi aure ya baro amarya a ɗakin uwarsa. Sai ka ga ba ka da abin turawa, ba ka da labari mai daɗi, sai kunya ta ce maka ka bari sai abubuwa sun daidaita. Yaushe za su daidaita? Waye ya ba ka takardar cewa tsohuwar nan za ta jira?

Na sa yaron ya buɗe WhatsApp. Saƙon murya goma sha bakwai daga Umma, ko ɗaya bai saurara ba, wai tsoro yake ji kada ya ji an ambaci kuɗi. Na ce danna na ƙarshe mu ji. Wallahi babu maganar ko sisi. Tana gaya masa hunturu ya shigo, akuyarta ta haifi biyu, katangar bayan gida da damina ta kayar an gyara, sannan ta ce an ce mata garinku akwai sanyi, ka riƙa shan kunun kanwa idan ana samu. Kunun kanwa, a Manchester! Dariya ta zo mini, hawaye ya riga ta. Wata huɗu yana gudun bashin da ba a bi shi ba.

Ba wai ban san akwai 'yan uwa masu mayar da mutum banki ba. Akwai su, Allah ya shirye su. Sallamarsu ɗaya ce, ta biyu lambar asusu. Kowa ya ɗauka a Turai tsintar kuɗi ake yi a bakin titi. Amma ku tsaya, wa ya koya musu haka? Ba ku ba ne? Ƙanƙara ta sauka kwana ɗaya a shekara, kun ari rigar sanyi mai tsada, kun tsaya jikin motar da ba ku san mai ita ba, kun ɗora a Facebook an rubuta "Alhamdulillah". Ramin ƙarya ƙurarre ne. Ka nuna wa duniya kana cikin daula, sannan ka ji haushi don an roƙe ka. Kuma don ɗan baffanka ya dame ka da roƙo, sai ka haɗa da uwarka ka rufe? Laifin wani ya shafi wadda ta goya ka? Kuma ka sani tana ganin hoton. Ƙanwarka ta nuna mata. Ta ga kana raye, kana murmushi, kana da waya a hannu, ita ce kawai ba ka da lokacinta. Shiru ma magana ce, kuma ta ji abin da ka faɗa.

Kada wanda ya ce mini lokaci ne babu. Tsakaninmu da Nijeriya awa ɗaya ce tak a lokacin sanyi, da bazara ma agogonmu ɗaya. Ina ganinku a kan intanet ƙarfe biyun dare kuna zage-zage a kan siyasar Kano da rikicin malamai, kuna bin 'yan TikTok kuna tura musu kyauta. Wannan ma wani ciwon ne, sai wata rana. Mai awa uku na musu a kan ƙwallo ba zai rasa minti biyar na "Umma, ina kwana" ba.

Ku tuna su waye kakanninmu. Fatake suna tashi daga Kano da jakuna zuwa Gwanja neman goro, a yi watanni ba a gan su ba, amma duk ayarin da suka ci karo da shi mai komawa gida sai sun ba da sallahu. Alhazan ƙafa suna ratsa Chadi da Sudan, wani ya yi shekara bakwai kafin ya ga Ka'aba, wasu ma can suka zauna, ga zuriyarsu nan a Mai Wurno a bakin kogin Nil. Duk da haka mutum zai nemi malami ya rubuta masa wasiƙa da ajami, a naɗe ta cikin fata, ta yi wata shida a hanya. Ni da idona na ga zamanin kaset. Wan babanmu yana Jidda, sai ya cika kaset gaba da baya ya ba alhazai su kawo. A shimfiɗa tabarma bayan isha'i, a sa wa rediyo sabon batir, gida duka a yi tsit. Yana gaida kowa da sunansa, har jaririn da bai taɓa gani ba, har makwabta. Kakarmu sai ta riƙa amsa masa, "Lafiya lau, lafiya lau," kamar yana zaune a gabanta. Shi ma ba wani arziki yake da shi ba, dako yake yi a kasuwa. Bai taɓa tunanin sai yana da riyal zai gaida uwarsa ba. An ce zumunci a ƙafa yake, yanzu an sauƙaƙe shi ya dawo kan ɗan yatsa, shi ne ya gagare mu. Ina tarbiyyar ta tafi?

Mu ma manyan da muka riga ku zuwa da laifinmu. A da baƙo ba ya kwana uku a gari ba a kira shi cin tuwo ba. Yanzu kowa ya kulle ƙofarsa, a haɗu a masallaci a yi musabaha da yatsu biyu a watse, in an zauna kuma sai gulmar wane ya samu takardar zama, wane bai samu ba. Ya kamata a gyara, a riƙa neman juna. Ku kuma ku ji tsoron Allah, ku rage ƙarya, ku faɗa wa iyaye gaskiyar halin da kuke ciki. Wanda ya ɓoye ciwonsa ya ɓoye maganinsa, kuma addu'ar da kake bukata tana bakin wadda kake gudu.

Yaron ya yi mini alkawari zai kira ta a daren nan. Na ce ya zo ranar Lahadi, uwargida za ta tuƙa tuwon semo da miyar kuka, akwai sauran yajin da aka kawo mana daga gida. Lahadi ta zo, aka ajiye masa kwanonsa har tuwon ya huce. Jiya na kira shi sau uku. Wayar tana shiga, ba ya ɗauka.