Tsinin allura a Hamburg, gadon jinya a Kailahun

Yayata ta kira ni daga Bauci ranar Lahadi, ko gaisuwa ba mu gama ba ta shiga maganar da ke cin ta. Ɗanta ya gama bautar ƙasa, karatun ƙananan halittu ya yi, yanzu kuma ya kafe sai ya ci gaba da binciken ƙwayoyin bairos irin su Lassa da Ebola. "Kai ne yake jin maganarka," in ji ta. "Ka gaya masa ya nemi aikin da ake komawa gida lafiya. Wa ya aike shi wasa da ciwon da likitoci ma ke gudu?" Na ce to Yaya, zan yi masa magana. Yau kwana uku ban kira shi ba, ina ta juya zancen.

A Hamburg nake zaune, kuma kullum in za ni aiki sai na wuce ta gindin wani tsohon gini na jan bulo a kan tudu, yana kallon tashar jiragen ruwa. Cibiyar Bernhard Nocht ke nan, wadda aka kafa a 1900 saboda cututtukan da matuƙa jirgi ke kwasowa daga ƙasashe masu zafi. A cikinta akwai ɗakin gwaji mai matakin tsaro na 4, wato mafi tsauri, inda ake ajiye ƙwayoyin da suka fi kowace kisa. Mai aiki a ɗakin sai ya shiga wata riga kamar ta 'yan sama jannati, ana hura mata iska ta tiyo, don ko ta huje iskar ta riƙa fita waje maimakon ta shiga. In ya gama, da rigar zai tsaya a ƙarƙashin ruwan magani kafin ya tuɓe. Da yamma kuwa sai ka ga ma'aikatan sun fito sun hau keke, jaka a baya, za su ɗauko yara daga makaranta. Aikin albashi ne da hutu da fansho, babu mai kallonsu a matsayin waɗanda suka sayar da rai.

A watan Maris na 2009, wata mai bincike a wannan ginin tana yi wa ɓeraye allurar ƙwayar Ebola, tsinin allurar ya huda safar hannu uku ya soke ta a yatsa. Nan da nan aka haɗa masana daga Amurka da Kanada a waya. Akwai wata rigakafi a ɗakin gwaji na Winnipeg wadda ba a taɓa gwada ta a jikin mutum ba. Aka ɗora ta a jirgi, cikin kwana biyu aka yi mata, da yardarta. Ta yi zazzaɓi ya sauka, kwana 21 suka cika ciwon bai bayyana ba. Irin wannan rigakafin ce daga baya aka amince da ita a 2019.

Shekara biyar bayan hatsarin Hamburg, Dakta Sheik Humarr Khan, wanda ya yi kusan shekara goma yana riƙe da sashen masu zazzaɓin Lassa a asibitin Kenema na Saliyo, ya kamu da Ebola bayan ya yi jinyar mutum sama da ɗari. Aka kai shi sansanin jinya na Kailahun. A kusa da nan akwai wani maganin gwaji, ZMapp, da masu bincike daga Kanada suka ajiye a firji. Likitoci suka yi ta shawara a tsakaninsu, a ƙarshe suka ce kada a ba shi. Shi kuwa, wanda ya fi yawancinsu sanin ciwon, ba a tambaye shi ba. Ya rasu ranar 29 ga Yuli 2014, yana da shekara 39. Kwanaki kaɗan bayan nan aka kai maganin Laberiya aka ba Amurkawa biyu, suka tashi. Da aka buga binciken jerin halittar ƙwayar da ya sa hannu a ciki, mutum biyar daga cikin marubutan sun riga sun kwanta dama.

Ba na cikin masu cewa mugunta aka yi masa. Likitocin sun ji tsoron kada a ba fitaccen likitan ƙasa maganin da ba a gwada ba, ya mutu, gari ya ce Turawa sun yi gwaji da shi. Wanda ya san abin da ya faru a Kano a 1996, lokacin da aka gwada maganin Trovan a kan yara masu sanƙarau kusan 200, 11 suka mutu, ba zai raina wannan tsoron ba. Har yau muna biyan bashin wancan lamarin, mun gani a rikicin allurar shan inna na 2003. Amma abin da ya tsaya mini a rai shi ne, matar Hamburg tana da tsari a bayanta tun kafin allura ta soke ta: an san wa za a kira, an san wa zai sa hannu, an san ita za a tambaya. Khan kuwa ba shi da komai a bayansa sai ƙarfin halinsa.

Wannan ne Yaya ke jin tsoro ko da ba ta faɗa da waɗannan kalmomin ba, kuma tana da gaskiya. Inda muka rabu da ita shi ne zatonta cewa in yaron ya kauce wa ɗakin gwaji ya tsira. Zazzaɓin Lassa a tsakar gidanmu yake. Sunan garin Lassa na jihar Borno yake ɗauke da shi, inda wata nas 'yar mishan, Laura Wine, ta kwanta a 1969, aka kai ta Jos ta rasu. Wadda ta yi jinyarta ita ma ta bi ta. Jinin ta ukun, Penny Pinneo, aka kai Jami'ar Yale, inda aka gano ƙwayar. Shi kansa Jordi Casals da ya jagoranci aikin ya kamu, da ruwan jinin Pinneo aka ceto shi. A 1970 Dakta Jeanette Troup ta yanke hannu tana binciken gawa a Jos, ta rasu. Sama da shekara hamsin ke nan, har yanzu babu rigakafin da aka amince da shi, kuma duk rani Bauci na cikin jihohin da suka fi kwasa, tare da Ondo da Edo. Ɓeran da ke ɗauke da ita a rumbu yake kwana, ya yi fitsari a kan hatsin da aka shanya. A Janairun 2020 likitoci biyu suka rasu a Kano bayan an yi wa wata mai ciki aiki ba a san Lassa ce a jikinta ba. Ko ɗayansu bai taɓa cewa zai yi binciken bairos ba. Sakamakon gwaji da wuri ne ya yi musu nisa.

Kuma hanyar ba sabuwa ba ce a wajenmu. Farfesa Oyewale Tomori a Zariya ya yi karatun likitan dabbobi, ya gama a 1971, ya zama masanin bairos na Hukumar Lafiya ta Duniya a Afirka daga 1994 zuwa 2004, shi ya kafa jerin ɗakunan gwajin shan inna na nahiyar. Da Patrick Sawyer, wani matafiyi daga Laberiya, ya sauka Legas da Ebola a Yulin 2014, a cikin gida aka tabbatar da ciwon, a ɗakunan gwajin Farfesa Sunday Omilabu da Farfesa Christian Happi. Mutum 20 suka kamu, 8 suka rasu, ciki har da Dakta Stella Adadevoh da ta hana shi fita daga asibiti, aka kashe wutar a nan. Asibitin Irrua na jihar Edo ma ya daɗe yana gwajin Lassa, da haɗin gwiwar wannan ginin da nake wucewa. Sai dai ku duba taswira: Legas, Ede, Irrua, Ibadan, duk a kudu suke. Mu da aka raɗa wa ciwon sunan garinmu, mun fi yawa a kan gadon jinya fiye da a kan kujerar bincike, kuma wani ɓangare na laifin namu ne. A gidajenmu yaro in bai rataya abin awon ƙirji a wuya ba, ba a lissafa shi cikin masu aikin lafiya.

Don haka gobe zan kira shi, kuma ba zan hana shi ba. Zan ce kafin ya karɓi gurbi a ko'ina, gida ko waje, ya tambaye su abu uku a fili: in wuta ta ɗauke me ke riƙe firji, in allura ta soke shi da tsakar dare lambar wa zai buga, in ya kwanta wa ke biyan kuɗin jinya. In suka yi dariya ko suka ce Allah zai kiyaye kawai, ya yi musu godiya ya ɗauki takardunsa.

Yaya kuwa na san za ta yi kwana biyu ba ta ɗaga wayata ba. Na riga na aika wa mijinta kuɗin durom biyu masu murfi, a juye masarar da ke cikin buhuna a ɗakin ajiya.