Har a gidan Ubangiji sai an tambayi yare?

Ranar Lahadi bayan an tashi daga sujada, aka zauna rabon hatsin da zumuntar mata ta tara wa gwauraye. Da aka zo kan wata baiwar Allah da rikici ya koro daga ƙauyensu, sai wani dattijo ya ce, "Wannan 'yar wane yare ce?" Shi ke nan, aka ce ta jira rabo na gaba. Abin ya tsaya mini a rai.

'Yan'uwa cikin Almasihu, cutar nan ba yau ta fara ba. Ku buɗe Ayyukan Manzanni sura 6. Ikkilisiyar Urushalima tana ƙaruwa, ranar Fentikos kaɗai mutum wajen 3,000 aka yi wa baftisma, sai ga gunaguni: Yahudawa masu jin Helenanci suka ce ana tsallake gwaurayensu a rabon abinci na kullum. Me manzanni suka yi? Ba su ce a rufa asiri ba, ba su ce masu ƙorafin nan 'yan tada zaune tsaye ne ba. Tara jama'a suka yi, suka ce a zaɓo mutum 7 masu cike da Ruhu da hikima. Ku dubi sunayen da kyau, su Istifanas, Filibus, har da Nikolas mutumin Antakiya wanda asalinsa ma ba Bayahude ba ne. Duka sunayen Helenanci! Wato waɗanda aka ware, su aka damƙa wa ludayin rabo. Wace majalisar dattawa ce a cikinmu za ta iya haka yau?

Kada kuma wani ya ce shi ya girme wa wannan jarabar. Bitrus fa, wanda ya shiga gidan Karniliyas a Kaisariya da ƙafarsa, shi ne a Antakiya ya janye daga cin abinci da al'ummai, wato waɗanda ba Yahudawa ba, don wasu baƙi sun zo daga wurin Yakubu, jigo a ikkilisiyar Urushalima. Har Barnaba ya biye masa. Bulus bai yi gulmarsa a bayan ido ba, a gaban kowa ya tsawata masa. Yana nan a Galatiyawa sura 2.

Mu kuwa fa? Zaɓen dattawa, yare. Aiko sabon fasto, yare. Yarinya ta kawo saurayi mai tsoron Allah, uwa ta ce ba ɗan gida ba ne. Har bencin zama an san na su wane. Da Hausa muke waƙa baki ɗaya, amma da an ce amin kowa ya nemi nasa a bakin ƙofa. Kai baba dattijo, ke mama shugabar zumunta, ina girmama furfurarku, amma yaranmu suna kallo, kuma abin da suka gani shi za su ɗauka.

Ku bari, don Allah. Zaɓe na zuwa, kada wanda ya bi gida-gida da dare yana cewa "namu ne". Ku bari.