Ɗigo Ɗaya Ya Tona Min Asiri

Tunda wasu sun fara baza labarin har da ƙarin gishiri, gara ku ji daga bakina.

Kun dai san manhajar lissafin kantin nan da muke fama da ita tun kafin azumi. Oga ya kafa doka: ba a karɓar aikin kowa sai gwajinsa, wato 'yan layukan da ake rubutawa don su duba ko manhajar na aiki daidai, ya bi ta kan aƙalla kashi 80 cikin 100 na layukan manhajar. Har umarnin --cov-fail-under=80 ya saka, don injin da kansa ya kore ka ba sai an yi musu ba. Daren Alhamis na kunna pytest, injin da ke gudanar da gwaje-gwajen, ma'auni ya ce 61. Na buɗe rahoton htmlcov, mai shafa ja a kan layukan da gwaji bai taka ba, jajayen layuka ko'ina kamar an yanka rago a kan allon. Ga NEPA sun ɗauke wuta, batiri na ta ja da baya. Nan Shaiɗan ya matso kusa ya raɗa min cewa ai coverage, wato ma'aunin nan, layukan da aka taka kawai yake ƙirgawa, ba ruwansa da ko amsar da ta fito daidai ce. Kuma gaskiya ya faɗa, la'anannen. Na buɗe sabon fayil na jera gwaje-gwaje, kowanne ya kira aiki ɗaya na manhajar ya juya abinsa, babu assert ko na magani, wato layin da ke duba ko amsar daidai ce. Irin ɗalibin da zai shiga aji ya amsa suna ya fice ta taga. Sai ga 97. Na ɗauki hoton allo na jefa a zaurenmu na WhatsApp, har na rubuta "a gaida ma'aikaci" a ƙasa. Da hannuna.

Ranar Litinin a wajen taro Oga ya ce in haɗa kwamfutata da majigi in nuna wa yara yadda ake aiki. Na miƙe, na gyara zaman hula. Na danna, korayen ɗige-ɗige, kowanne alamar gwaji ɗaya ya yi nasara, suka jeru gwanin sha'awa. Sai yarinyar nan mai bautar ƙasa, wadda tun zuwanta ban taɓa jin muryarta ba in ba gaisuwa ba, ta ɗaga hannu.

"Yaya, don Allah zan iya taɓa wani abu kaɗan?"

Na ce bismillah, har da matsa mata kujera. Ta gangara wajen lissafin harajin VAT, inda aka rubuta 7.5, ta goge ɗigon tsakiya. Ya koma 75. Wato wanda ya sayi kayan naira 10,000, maimakon harajin 750, sai a caje shi 7,500. Ta sake kunna gwajin, ta naɗe hannu.

Jama'a, tunda na fara wannan sana'a ban taɓa roƙon Allah gwajina ya faɗi ba sai ranar. Ɗigo na farko ya fito, kore. Na biyu, kore. Ina kallon bango ina cewa a zuci, ya Rabbi F ɗaya, jan F guda ɗaya tak na alamar faɗuwa, zan yi sadaka. Ɗigon nan suka ci gaba da tafiya a natse kamar jerin gwanon tururuwa, ba wanda ya yi tuntuɓe. Gumi ya tsattsafo min ta ƙarƙashin hular da na gyara ɗazu. Can ƙasa ma'auni ya fito: 97. Ko gezau.

Ta juyo da ladabinta ta ce, "Yaya, ko ni ce ban gane ba?" Wallahi da zagina ta yi da ya fi min sauƙi.

Oga ya cire tabarau ya goge, ya ce, "Malam, buɗe mana sabon fayil ɗin, ka nemo mana assert." Na nema. Kwamfuta ta ce babu. A kan bango, da manyan baƙaƙe.

Amma duk wannan bai ƙona min rai kamar akantanmu ba. Mutumin da shayi kawai ya kawo shi ɗakin, wanda har yau in firinta ta tsaya ni yake kira. Me ya sani game da Python, yaren da muke rubuta manhajar da shi? Shi ne ya fi kowa dariya, har da buga tebur, yana cewa, "Ashe kwamfuta ma ana yi mata aringizon ƙuri'a!" Ya maimaita sau uku don kada wani ya rasa. Ya fita ya faɗa wa maigadi, maigadin da yanzu in na shigo sai ya ce "sannu da zuwa, casa'in da bakwai". Kuma wannan akantan ne ya ari cajata tun watan jiya, ya ce minti biyar. Kullum ina ganinta a maƙale a bayan teburinsa, ya ma naɗa mata salatif ja wai don kada ta ɓata.

Oga dai ya ƙara --cov-branch, mai ƙirga har da rassan "in kaza, in ba kaza ba" da gwaji ya bi, ya kuma ce za mu gwada mutmut, wadda aikinta ke nan: ta lalata layi da gangan ta ga ko gwaji zai yi ihu. Na goge fayil ɗin na koma 61, yanzu ina 74 da gumin goshina. Cajar kuma ya ce gobe.