Waɗanda ba su da rana su ne suka iya tatsar ta

Wata maƙwabciyata a nan Espoo, ƙasar Finland, mai aikin bincike, ta nuna min wani gutsuren silikon, abin da ake haɗa farantin sola da shi, da bai fi farce ba. Baƙi wuluk kamar gindin tukunya, ko ƙyalli babu. Watan Disamba ne kuwa, lokacin da rana ke leƙowa wajen tara da rabi, ta yi ta raɓe-raɓe a ƙasa, uku da 'yan mintuna ta faɗi, kowa ya duƙunƙune cikin rigar sanyi.

Ba fenti aka shafa masa ba. Fuskar aka sassaƙa ta zama 'yan allurai da ido ba ya gani. Silikon mai sulɓi yana mayar da sama da kashi 30 cikin 100 na hasken da ya sauka kansa, wannan kuwa in haske ya faɗa tsakanin alluran da wuya ya fita. Sai dai yawan alluran kan sa wutar ta zurare tun ba a tattara ta ba, ƙarfinta ya sauka. Ƙwayar sola guda, wato ɗaya daga cikin ƙananan sassan da ake jerawa a faranti, dama kusan bolt 0.6 take bayarwa. Maganin zurarewar da masu bincike suka samo shi ne lulluɓe alluran da siririn aluminiyam oksaid. A 2015 tawagar Hele Savin ta Jami'ar Aalto, da abokan aikinsu na Barcelona, suka kai ingancin kashi 22.1, wato kason hasken da ƙwayar ke mayarwa wutar lantarki.

Abin ya burge ni, ya kuma sosa min rai.

Kada wani ya ce min mutanenmu ba su da basira. Yaran da ke haɗa inbata a Kano, a ba su ɗakin bincike da wutar da ba ta ɗaukewa a gani. Amma ai mu masu saye ne kawai. Ana auna farantin sola a zafin digiri 25, a kawo mana mu ɗora kan kwano a watan Afrilu, alhali duk digiri ɗaya da ya ƙaru kowace ƙwaya na asarar kusan milibolt 2, wato kashi 2 cikin 1,000 na bolt. Ga ƙurar hunturu. Su matsalarsu suka zauna suka warware, wato ƙarancin haske. Tamu, zafi da ƙura, mun bar wa ƙanina da tsumma da bokiti, yana hawa rufi duk Asabar don fankar Hajiya ta juya.