La Guardia da senti biyar na jirgin ƙarƙashin ƙasa

Fiorello La Guardia, tsohon magajin garin New York, ya san talakan birnin tun kafin ya hau kowace kujera. Da rana yana tafinta a tsibirin Ellis, inda ake tantance baƙin da ke shigowa Amurka, da dare kuma yana karatun lauya, har ya kammala a 1910. Ya fara da kare ma'aikatan ɗinki a kotu, can ya ga yadda mai masana'anta ke karya yajin aiki da takardar alƙali guda. Da ya shiga majalisar wakilai bai manta ba: dokar Norris-La Guardia ta 1932 ta ɗaure hannun kotunan tarayya wajen hana yajin aikin lumana, ta kuma kashe ƙarfin yarjejeniyar da ake sa ma'aikaci ya sa hannu cewa ba zai shiga ƙungiyar ƙwadago ba.

A 1934 ya zama magajin garin birnin da bashi ya yi wa katutu, bayan ɓarnar 'yan siyasar Tammany Hall, ƙungiyar da ta daɗe tana juya siyasar birnin. A nan zaman majalisa ya yi masa rana. Ya san ƙofofin Washington, ya san yadda ake shirya takardar aiki tun kafin a buɗe asusu, sai kuɗin gwamnatin shugaban ƙasa Roosevelt suka riƙa kwarara: gidaje, asibitoci, wuraren shaƙatawa, da filin jirgin saman da aka buɗe a 1939, wanda ke ɗauke da sunansa.

Inda nake ganin ya gaza shi ne lissafin kulawa. Gwamnatin tarayya ta biya kuɗin gini, amma albashi da gyara da fenti na birni ne har abada. A 1940 ya sayi layukan jirgin ƙarƙashin ƙasa na kamfanoni biyu, ya haɗe su da na birni, kan sama da dala miliyan 300. Kuɗin shiga kuwa ya bar shi senti biyar, farashin da aka sa tun 1904. Masu kare shi na cewa talaka ya tausaya wa, kuma ba ƙarya suka yi ba. Sai dai senti biyar ba ya biyan bashin sayen, balle sabbin taragai, kuma giɓin daga harajin talakan nan ake cike shi.

Ya sauka a ƙarshen 1945, ya rasu a 1947. Magajinsa, William O'Dwyer, shi ya ɗauki baƙin jinin mayar da kuɗin senti goma a 1948.