Kafin a zaɓi shugabannin ƙungiyar masana tarihi, ga tambayata daga Gombe

Duk sanda aka fara maganar zaɓen shugabanni a ƙungiyoyin masana, hirar ba ta wuce abu biyu: wane farfesa ne ya fi daɗewa a kujera, kuma wace shiyya ce za ta karɓa a wannan karon. Malamaina, a yi mini afuwa, amma ni tambayata ga duk mai neman jan ragamar Ƙungiyar Masana Tarihi ta Najeriya daban ce. Me ka tanadar wa malamin sakandaren da ke Bajoga ko Dukku, wanda aka miƙa wa darasin tarihi ba littafi, ba horo?

Waɗanda suka kafa ƙungiyar a Ibadan a 1955 ba su raina wannan tambayar ba. Kenneth Dike ne shugaba na farko, mutumin da ya yi ta faɗi-tashi har aka samu ma'ajiyar takardun tarihi ta ƙasa. Sakatarensa kuwa H.F.C. Smith ne, wanda daga baya ya musulunta ya zama Abdullahi Smith, ya kafa sashen tarihi a Jami'ar Ahmadu Bello a 1962, ya kafa Arewa House a Kaduna a 1970. A 1956 suka fara fitar da mujallar bincike ta masana. Abin da ya fi burge ni shi ne ba su tsaya nan ba: a 1965 aka fito da wata mujallar mai suna Tarikh, wadda aka rubuta ta da harshe mai sauƙi musamman don ɗalibai da malaman makarantu. Manyan farfesoshi ne suka zauna suna yi wa yara rubutu, ba su ga hakan a matsayin zubar da girma ba.

To yau fa? An cire tarihi daga manhajar firamare da ƙaramar sakandare tun zangon karatu na 2009/2010. Ƙungiyar ta yi ta kokawa a kan haka, wannan kam a yaba mata. A 2022, lokacin Malam Adamu Adamu, ɗan Azare, yana ministan ilimi, aka ƙaddamar da dawo da darasin, aka ce za a horar da malamai 3,700, wato 100 daga kowace jiha da Abuja. Ku raba malamai 100 a ƙananan hukumomi 11 na Gombe, ko 20 na Bauchi, ku gani. Kuma yaran da suka yi makaranta a shekarun da babu darasin, wasunsu su ne yanzu ke riƙe da alli.

Na taɓa shiga wani aji a Funakaye, na tambayi yara abin da ya faru a Bormi. Shiru. Wani ya ce ai ƙauye ne a kan hanyarsu. Wurin da sojojin Turawa suka kashe Sarkin Musulmi Attahiru na ɗaya ke nan ranar 27 ga Yuli, 1903, tare da ɗaruruwan mutanen da suka biyo shi hijira daga Sakkwato. Wurin da Manjo Marsh na Turawa shi ma ya faɗi. Daga nan ɗan Attahiru, Muhammadu Bello Mai Wurno, ya ja ragowar jama'a har Sudan, inda garin Mai Wurno yake har gobe. Malamin ajin, wanda kimiyyar siyasa ya karanta ba tarihi ba, ya ce mini a hankali, "Malam, wallahi ni ma ba a koya mini ba." Ban ga laifinsa ba ko kaɗan.

Shi ya sa nake ganin kujerar sakatare da ta ma'aji sun fi ta shugaba buƙatar a zuba musu ido. Shugaba jawabi yake yi a taron shekara, ya gana da minista, a ɗauki hoto. Sakatare shi ne ya san mambobi nawa ne ke biyan kuɗin ƙungiya, wace jiha ce ba ta da reshe mai rai, kuma me ya sa mujalla ta makara. In aka ba da kujerar don a faranta wa wata shiyya rai, an ɗaure tuƙa ke nan a hannun wanda bai iya warwara ba.

Sai batun takardu, wanda ya fi damuna. A gidajen malamai da na sarauta daga Gombe Abba zuwa Nafada, zuwa Katagum da Misau, akwai wasiƙu da waƙoƙi da jerin sunayen sarakuna cikin Larabci da ajamin Fulfulde da na Hausa. Na ga gafaka a wani zaure, gara ta cinye gefen takardun har ta shiga layin rubutu, mai gidan kuma ba ya yarda a fita da ko warƙa ɗaya, don an taɓa ara ba a dawo da ita ba. Yana da gaskiya. Aikin da Smith da abokansa suka faro a Zariya na bin gida-gida ana ɗaukar hoton irin waɗannan takardu, yau da wayar hannu mai kyau za a iya yin sa a gaban mai su, a bar masa kayansa. Amma sai an samu wanda ya iya karanta su, kuma mafi yawan masu iyawar a tsangaya da zaure suke, ba su da digiri.

Don haka ni ga wanda zan mara wa baya: wanda zai ware kujera a majalisar zartarwa ga malaman sakandare, ya rage musu kuɗin rajista, ya kuma buɗe wa malaman zaure ƙofa su shigo a matsayin mambobi. Sassan tarihi na Jami'ar Jihar Gombe da ta Tarayya da ke Kashere suna nan kusa. A ɗora musu horar da malaman ƙananan hukumomin da ke kewaye da su a lokacin dogon hutu, a kuma buƙaci rahoto a rubuce a taron shekara, da sunan kowace makarantar da aka je.