Wai dako nake yi a Ingila

Ranar Juma'a ƙanena ya kira ni, muryarsa ƙasa-ƙasa. Wani ɗan unguwarmu ya ga hoton katin aikina, ya karanta "porter", ya tafi har gida ya ce wa Hajiyarmu ai dako nake yi a Ingila. Wallahi har yanzu abin na ci mini rai.

Eh, aikina ke nan a wani asibiti a Manchester. Ni ke tura majinyaci a kan gado zuwa ɗakin tiyata, in kai jini ɗakin gwaji, in jawo tukunyar oksijin. Ƙarfe uku na dare, idan tsohuwa ta tsorata a cikin lif, hannuna take damƙewa. Idan kuma rai ya yi halinsa, mu ke kai gawa, a lulluɓe, yadda sauran majinyata ba za su lura ba.

Kalmar ma a nan ba abu ɗaya take nufi ba. A kwalejojin Oxford da Cambridge mai tsaron ƙofa ne, makullai da wasiƙun ɗalibai duk a hannunsa suke. A gidan abinci mai wanke tukwane ne. Har wata baƙar giyarsu da ta fito a Landan a ƙarni na 18 wannan sunan ta ci, don 'yan dako ne suka fi shanta. A Amurka kuwa, baƙaƙen fata masu hidima a jiragen ƙasan kamfanin Pullman da wannan sunan suka kafa ƙungiyar ƙwadagonsu a 1925, ƙarƙashin A. Philip Randolph.

Kuma sunan zuriya ne, kamar Smith maƙeri da Baker mai gasa burodi. Babban lauya sai ya rataya Porter a ƙofar ofishinsa, ko a jikinsa. Mu fa? Mutum ya yi digiri uku, ya je neman aure, sai an tono cewa kakansa mahauci ne ko wanzami. Ban ce Turawa ba su da girman kai ba, akwai likitan da ba ya amsa gaisuwata. Amma shi bai taɓa zuwa ya sa tsohuwata jin kunya ba.

Da na kira Hajiya ko zancen ba ta ɗauko ba. Tambayata ta yi ko bayana yana ciwo. Shekara huɗu rabona da gida. Bara da aka kwantar da ita, wani ne ya tura gadonta, ko sunansa ban sani ba.